Tsarin Amazon ko na Spotify: wanne za ka ɗora tawagar injiniyoyinka a kai?

Daren jajiberin wata ƙaramar Sallah, a wani kamfanin hada-hadar kuɗi da na taɓa yi wa aiki, biyan kuɗi ya tsaya cak da misalin ƙarfe 9. Masu POS sun cika layin ƙorafi, ana cire wa mutane kuɗi amma ba ya isa inda aka tura, ga masu ɗinki da masu kaji suna jiran a sallame su. Mu 14 muka hallara a zauren WhatsApp na gaggawa, kowa da kwamfuta a cinya, kowa gwani a fanninsa. Sai da muka ci kusan minti 40 ba a taɓa komai ba. Inda ciwon yake mun gano shi tun a minti goman farko: wata 'yar manhaja ce da ke tsakaninmu da banki, wadda tawaga uku suka sa wa hannu a lokuta daban-daban. Wannan ya ce ai su gyara kawai suka yi mata bara, wancan ya ce wanda ya rubuta ta ya bar aiki. Kowa na gudun ya taɓa ta ƙara dagulewa, gobe a ce shi ne.

Wata shida kafin wannan dare aka sauya fasalin kamfanin zuwa abin da shugabanninmu suka kira tsarin Spotify. An raba mu gida-gida, an raɗa wa kowane gida sabon suna, an manna jadawali mai launi a bango. Tambaya ɗaya ce jadawalin bai amsa ba, ita ce kuma muka kwana a kanta: wannan abin na wa ne?

Duk wanda injiniyoyinsa suka haura 20 ko 30 zai iso wannan mararraba. Zama ɗaki ɗaya ana ƙwala wa juna kira ya daina wadatarwa, dole a raba mutane, a kuma san wa ke yanke wane hukunci. Tsari biyu aka fi kwaikwayo a duniyar manhaja, na Amazon da na Spotify. Daga nesa kamar Hassan da Husaini suke, domin dukansu suna cewa a yi ƙananan tawaga a sakar musu mara. Sai ka matso za ka ga ba uwarsu ɗaya ba.

Dalilin ƙananan tawaga lissafi ne kawai. Mutum 8 suna da hanyoyin magana 28 a tsakaninsu, idan aka ƙirga kowa da kowa. Mutum 20 suna da 190. Mutum 50 suna da 1,225. Ga kuma abin da masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura da shi tun 1968, cewa manhajar da kamfani ya gina takan ɗauko kamannin yadda mutanensa ke magana da juna. Idan tawaga uku ba sa ga-maciji, haka sassan manhajarsu uku za su kasance. A kan wannan babu saɓani. Saɓanin yana kan abin da ke riƙe waɗannan ƙananan tawaga kada kowace ta kama gabanta.

Amazon: kowane abu da mai shi

A farkon shekarun 2000 Jeff Bezos, wanda ya assasa Amazon, ya kafa ƙa'idar da ta yi suna, cewa kada tawaga ta wuce yawan mutanen da fiza biyu za ta ƙosar, wato dai ƙasa da mutum goma. Wannan shi ne abin da kowa ya haddace, amma shi ne mafi ƙarancin nauyi a cikin tsarin. Wanda ya fi shi tasiri wani umarni ne na wajajen 2002, wanda tsohon injiniyan kamfanin Steve Yegge ya ba da labarinsa a 2011. Umarnin ya haramta wa kowace tawaga leƙa rumbun bayanan wata kai tsaye. Idan kana son wani abu daga maƙwabta, sai ta ƙofar da suka tanada a manhajarsu, mai rubutattun sharuɗɗa, kuma a gina ƙofar ta yadda ko baƙo daga wajen kamfanin zai iya shigowa ta nan wata rana. Babu tsallake katanga, babu "ɗan ba ni makullin rumbunku na minti biyar". Wannan horo yana cikin abin da ya share fagen AWS, sashen Amazon da ke ba wasu kamfanoni hayar kwamfutoci ta intanet, wanda ya fito da S3 (ma'ajiyar fayiloli) da EC2 (hayar ƙarfin kwamfuta) a 2006.

A wannan shekarar ce kuma Werner Vogels, shugaban fasaha na kamfanin, ya faɗi maganar da ta zama take: wanda ya gina, shi zai kula da shi. A tsohon tsari masu rubuta manhaja sukan gama su miƙa wa wani sashe dabam da ke kula da sabobi, wato kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, su tafi gida su yi barcinsu. Amazon ta ce a'a. Idan abin da ka rubuta ya faɗi da tsakar dare, wayarka ce za ta yi ƙara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda aka tayar sau uku a mako ɗaya ba ya buƙatar wa'azi kan ingancin aiki.

Daga baya kamfanin ya gane cewa girman tawaga ba shi ne sirrin ba. Colin Bryar da Bill Carr, waɗanda suka daɗe a manyan muƙamai a can, sun bayyana cewa abin da ya fi bambanta tawagar da ta yi nasara da wadda ta gaza shi ne samun shugaba guda wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Ba wanda aka ɗora wa abu biyar yana ba kowanne ragowar lokacinsa ba. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, da ikon yanke hukunci, da sunansa a kai idan ya lalace. Da a ce muna da wannan a daren Sallar nan, da minti 40 ɗin sun koma biyar.

Sai al'adar rubutu, wadda a ganina ita ce mafi daraja a duk kayan Amazon, kuma ita aka fi tsallakewa wajen kwaikwayo saboda wahalarta. Tun 2004 aka hana amfani da PowerPoint a tarukan manya. Mai son a amince da wata shawara sai ya rubuto ta a cikakkun jimloli, shafi shida. Idan aka shiga taro ba a fara da magana. Kowa ya ɗauki takarda, a yi tsit kamar ɗakin jarrabawa, a karanta har kusan rabin awa, sannan a buɗe baki. Bezos ya rubuta wa masu hannun jari cewa takarda mai kyau takan ci mako guda ko fiye ana rubutawa ana gogewa, kuma a al'adarsu ba a sa sunan marubuci, ta tawaga ce gaba ɗaya. Sabon kaya ma kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhajarsa, sai an fara rubuta sanarwar da za a fitar ranar ƙaddamar da shi, haɗe da tambayoyin da mai saye zai yi da amsoshinsu. Idan sanarwar ba ta burge kowa ba a takarda, an huta da ɓata wata shida.

Abin da rubutu ke yi shi ne tona asirin tunanin da bai nuna ba. Mai iya baki zai iya ɓoye rami a bayan hotuna da 'yan kalmomi huɗu a allo. A cikin sakin layi ramin a fili yake.

Yadda suke ɗaukar kuskure ma abin dubawa ne. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikaci yana bin rubutacciyar ƙa'ida don cire 'yan sabobi kaɗan daga wani ɓangare na S3 a yankin Arewacin Virginia. Ya yi kuskuren shigar da umarnin, aka cire sabobi fiye da yadda aka nufa, har da waɗanda ke riƙe da jadawalin inda kowane fayil yake. An yi shekaru ba a sake tayar da waɗannan sassa daga tushe ba, don haka tashinsu ya ɗauki lokaci. Kusan awa huɗu ɗimbin shafukan intanet suna rarrafe. Abin dariya, shafin da Amazon ke sanar da matsala a kai shi ma a kan S3 ya dogara, sai da suka koma Twitter suna bayani. A rahoton da suka fitar ba a ambaci sunan ma'aikacin ba. Laifin an ɗora shi a kan na'urar aikin da ta yarda a cire sabobi masu yawa haka cikin sauri, aka gyara ta yadda ba za ta ƙara yarda a sauka ƙasa da adadin da ake buƙata ba.

To amma tuwon nan da ƙaya a cikinsa. A watan Agustan 2015 jaridar New York Times ta fitar da dogon rahoto kan matsin aiki a ofisoshin Amazon, inda tsofaffin ma'aikata suka ba da labarin kuka a kan teburi da kai ƙarar juna a asirce wajen manaja. Bezos ya ce wannan ba Amazon ɗin da ya sani ba ce. Ko wane ɓangare ka gaskata, tsarin da ke liƙa sunan mutum a kan kowane sakamako, ya kuma auna shi da lambobi, yana iya zama bulala a hannun mugun manaja. Wayar dare tana gajiyar da mutane. Kuma da yake kowace tawaga gabanta take ci, sau da yawa akan sami biyu suna gina abu iri ɗaya ba tare da sun sani ba. Amazon ta ɗauki wannan asarar a matsayin kuɗin sauri. Kamfanin da ke ƙirga albashin wata mai zuwa ba lallai ya iya ɗauka ba.

Spotify: gida huɗu da sunaye masu daɗi

A watan Nuwamban 2012 Henrik Kniberg da Anders Ivarsson, masu horar da tawagogi a Spotify, suka wallafa wata gajeriyar takarda kan yadda Spotify, kamfanin waƙoƙi na birnin Stockholm, ke tafiyar da tawaga sama da 30 a birane uku. Sun kawo gidaje huɗu, zan ba su sunayen da suka fi kusa da ma'anarsu a wajenmu. Akwai ayari, 'yan mutane masu sana'a daban-daban da ke zaune wuri guda suna riƙe da wani yanki na manhajar, misali bincike ko biyan kuɗi, su ke zaɓar yadda za su yi aikinsu. Ayari da yawa masu aiki makusanci su ne ƙabila, wadda ake so kada ta wuce mutum 100. Sai tsangaya, inda masu sana'a ɗaya a cikin ƙabila, kamar masu gwaji ko masu gina fuskar manhaja, ke haɗuwa ƙarƙashin wani babba a sana'ar. Na ƙarshe majalisa, wadda ta ratsa kamfanin duka, kowa ke zuwa don ra'ayin kansa a tattauna abin da ya dame shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ayari ba shi da shugaba a hukumance. Akwai mai kula da kaya, wanda ke tsara abin da za a fara yi da abin da zai biyo baya, amma ba ya gaya wa injiniyoyi yadda za su yi, kuma ba shi ne ogansu ba. Ogan kowane injiniya, mai duba ci gabansa da albashinsa, shi ne shugaban tsangayarsa, wanda sau da yawa yana wani ayarin dabam yana nasa aikin. Ke nan ayari mai mutum 7 zai iya ƙunsar mutanen da ke amsa wa oga uku ko huɗu.

Kyawun wannan ba ƙarami ba ne, kuma ban yarda da masu yi masa dariya gaba ɗaya ba. Wanda ke duba aikinka ɗan sana'arka ne, ya san bambancin aiki mai kyau da na ganin ido. Idan aka matsar da kai daga wannan ayari zuwa wancan, ogan naka bai canza ba, don haka kamfani na iya jujjuya mutane ba tare da an yi ta sabon sabo ba. Matashin da ya shigo jiya yana da malami a tsangaya, yana da abokan hira a majalisa. Mutane sukan ji daɗin aiki a irin wannan wuri, kuma jin daɗi na riƙe ƙwararru a lokacin da kamfanonin waje ke zawarcinsu da dala.

Sai dai marubutan da kansu sun yi gargaɗi a cikin takardar cewa hoton wani lokaci ne kawai, tafiya ce da ba a kammala ba, kuma kafin mai karatu ya karanta abubuwa sun riga sun sauya. Duniya ta tsallake wannan gargaɗi ta kwashi zanen. A 2015 bankin ING na ƙasar Holan ya juye hedikwatarsa, ma'aikata kusan 3,500, zuwa ayari wajen 350 a cikin ƙabila 13. Daga nan masu sayar da shawara suka ɗauka suna tallatawa kamfani-kamfani, har ya iso bangon ofishinmu.

A 2020 Jeremiah Lee, wanda ya yi aikin kula da kaya a Spotify, ya rubuta cewa ko a can tsarin bai taɓa zama yadda aka zana shi ba, buri ne ya fi yawa a ciki, kuma kamfanin ya yi ta komawa ga shugabanci irin wanda aka saba. Babban ƙorafinsa shi ne wanda na gani da idona: babu mutum ɗaya da ke da alhakin abin da injiniyoyin ayari suka fitar. Idan mai gina fuskar manhaja da mai gina cikinta suka saɓa, babu mai raba gardama a kusa. Sai a kai wa shugabannin tsangaya biyu, in su ma ba su daidaita ba a haura wajen shugaban ƙabila. Ya kuma ce an ba kowane ayari 'yancin zaɓar hanyar aikinsa ba tare da an shimfiɗa hanyar haɗa kai tsakanin ayari da ayari ba, sai kowane aikin haɗin gwiwa ya zama sabon ciniki.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi kowace suka bayyana gaskiya. Da manhajoji suka yi wa Spotify yawa, sai da ta gina wata na'ura ta cikin gida mai suna Backstage, wadda ta saki ga kowa kyauta a watan Maris na 2020. Babban aikinta shi ne jera kowace manhaja da ke kamfanin, da bayaninta, da sunan tawagar da ta mallake ta. Wato su ma sun iso tambayarmu ta daren Sallah, sai dai su sun zauna sun gina mata amsa. Suka kuma shimfiɗa abin da suke kira hanyar zinariya: ga yadda aka fi so a gina sabuwar manhaja, an share maka ita, in ka bi ka huta, in ka kauce kai za ka ɗauki kayanka. Wannan ɓangaren na Spotify ya fi sunayen gidaje amfani nesa ba kusa ba, amma ba shi ake mannawa a bango ba.

Inda za ka ji bambancin a jikinka

Ɗauki ranar da aka yi saɓani kan wane rumbun bayanai za a yi amfani da shi. A tsarin Amazon kowa zai kawo hujjarsa, a rubuce in abin babba ne, mai aikin ya yanke, wanda bai gamsu ba ya faɗa a fili sannan ya sa hannu a yi da shi. Suna ma da wannan a cikin rubutattun ƙa'idojin shugabancinsu, waɗanda suka kai 16 tun 2021. Bezos ya kuma raba hukunci gida biyu: ƙofar da in ka shiga za ka iya dawowa, da wadda ba a dawowa. Ta farko a yanke da sauri a ƙasa, ta biyu ce ke buƙatar dogon nazari. A tsarin Spotify ana sa ran ayari ya daidaita da kansa. Idan mutanen ƙwararru ne da suka saba da juna, abin da za su fitar yakan fi na mutum ɗaya kyau. Idan ba haka ba, mai ƙarfin murya ne zai yi nasara, ko kuma a yi ta ɗage maganar har lokaci ya yanke muku.

Ɗauki kuma matashiyar da ta gama hidimar ƙasa ta shigo aiki. A nan Spotify ta fi. Tsangaya gida ce da aka gina musamman don renonta. A tsarin Amazon ci gabanta ya rataya ne a kan manajan tawagarta, wanda idonsa ke kan ranar da aka yi alkawarin gama aiki. In ta dace da nagari ta more, in ba ta dace ba za ta koyi iyo ne a tsakiyar kogi.

Wajen kuɗi da lokaci, tsarin Spotify yana da arha a farko da tsada daga baya. Sauya sunaye aikin mako guda ne, taruka ne ke ƙaruwa a hankali: na ayari, na tsangaya, na majalisa, na ƙabila, har injiniya ya rasa awa uku a jere da zai zauna ya yi tunani. Na Amazon tsadarsa a gaba take. Raba manhaja ta yadda kowace tawaga za ta mallaki nata ba tare da jiran wata ba aikin watanni ne, wani lokaci shekaru. Idan duk manhajarku dunƙule take a kan rumbu ɗaya, ka naɗa wa kowane yanki mai shi a takarda, ka yaudari kanka ne, domin babu wanda zai iya motsi sai ya taka ƙafar wani.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce maganin shi ne a kori manajoji kowa ya huta. Google ta gwada haka a 2002, ba a yi 'yan watanni ba aka dawo da su, bayan mutane sun yi ta kai wa Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ƙananan matsaloli irin na kuɗin tafiya da rikicin abokan aiki.

To wanne?

Idan injiniyoyinka ba su kai 15 ba, kada ka ɗauki ko ɗaya. Ƙabila mai mutum 12 abin dariya ce. Abin da kake buƙata shafi ɗaya ne mai layi-layi: sunan kowace manhaja, sunan mutum ɗaya a gabanta, da na wanda zai tsaya masa in ba ya nan.

Idan kun kai 20 zuwa 60, kuma abin da kuke riƙe da shi kuɗin mutane ne, ko bayanan asibiti, ko duk wani abin da faɗuwarsa ke jawo kuka, ni ƙashin bayan Amazon zan ba ka shawara. Tawaga ƙarama, shugaba ɗaya da ke da alhakin mutanen da aikin gaba ɗaya, iyaka bayyananna tsakanin tawaga da tawaga, wanda ya gina ya kula. Sannan ka aro majalisa daga Spotify, domin ba ta cin komai: masu sana'a ɗaya su riƙa haɗuwa duk mako biyu, a duba aikin juna, a koya wa na baya. Abin da ba zan aro ba shi ne raba ogan mutum da tawagarsa.

Tsarin Spotify cikakke yana da wurinsa. Idan mafi yawan mutanenka tsofaffin hannu ne, kayanku na gwaji ne da kuskure a cikinsa ba ya kashe kowa, kuna yawan jujjuya mutane tsakanin ayyuka, kuma kun riga kuna da na'urorin da ke ba kowace tawaga damar fitar da aikinta ba tare da neman izini ba, zai iya yi muku. Ka tuna dai a Sweden aka haife shi, inda ma'aikaci ke kiran shugaban kamfani da sunansa kai tsaye, ya kuma musa masa a gaban jama'a ba tare da an ga baƙonsa ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafar mu. A wajenmu yaro ba ya katse babba, kuma "haka ne, ranka ya daɗe" ba kullum take nufin an yarda ba. Na sha zama a taron da kowa ya gyaɗa kai, muna fitowa a bakin matakala wani ƙaramin injiniya ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, wallahi abin nan ba zai yi aiki ba," ya kuma kawo dalilin da ya fi duk abin da aka faɗa a ciki. Tsarin da ya dogara da cewa mutane za su yi gardama a fili su daidaita a tsakaninsu, a irin wannan wuri yakan koma mulkin wanda ya fi shekaru, sai dai ba a rubuta ba, ba kuma za a iya tuhumarsa ba. Takardar da ba ta da sunan marubuci, wadda kowa ya karanta shiru ya rubuta tambayarsa a gefe, tana ba mai kunya hanyar magana ba tare da ya ɗaga murya a gaban oga ba. Da muka gwada daga baya, mun rage ta zuwa shafi biyu saboda shida sun fi ƙarfinmu, kuma makonnin farko mutane sun yi ta duba waya a lokacin karatun. A wata na biyu ne tambayoyi masu zafi suka fara fitowa daga mutanen da ban taɓa jin muryarsu a taro ba.

Haka rahoton kuskure. In za ka kwaikwayi Amazon a nan, na farkon da za a rubuta ya kasance kan kuskurenka kai shugaba, ka karanta shi da bakinka. In ba haka ba babu wanda zai yarda cewa ba tarko ba ne.

Wanda ya gina ya kula kuwa, kada ka furta shi sai ka shirya biyan kuɗinsa. Injiniyan Amazon a Seattle da aka tayar da dare wuta na nan, intanet na nan. Naka yana iya farkawa ya tarar an ɗauke wuta tun magariba, batirin kwamfuta saura kaɗan, layin waya ɗaya ba sabis. Mai jiran kiran dare yana buƙatar inbata ko sola a gida, layi biyu na kamfanoni daban-daban da data a kai, alawus na makon da ya yi jira, da hutun washegari in an tayar da shi. Kuma a riƙa juyawa tsakanin aƙalla mutum huɗu ko biyar, kada ya zama mutum ɗaya ne kullum saboda shi ne gwauro.

Mu dai bayan Sallar nan ba mu cire jadawalin bango ba, don an kashe kuɗi wajen buga shi. Mun buɗe wani fayil, muka jera manhajoji 31, muka yi kwana uku ana ja-in-ja kafin kowace ta sami suna a gabanta. Guda huɗu babu wanda ya karɓa ko da lallashi. Da muka bincika, biyu daga ciki babu abin da ke amfani da su tun shekara ɗaya da rabi, muna dai biyan kuɗin sabarsu duk wata, sai muka kashe su. 'Yar manhajar bankin kuwa ta faɗa hannun wata injiniya da ta ce za ta karɓa bisa sharaɗi ɗaya, a ba ta mako uku ba tare da wani aiki ba ta sake rubuta ta. An ba ta biyu.